A Auna Haro da Ƙarfin Tarakta da Irin Ƙasa Kafin a Saye Shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin ƴan'uwana manoma da shugabannin ƙungiyoyinmu a kan wani al'amari da ake ɗauka ƙarami, alhali kuwa yana cin dukiya, yana kashe injuna, yana kuma lalata gonaki. A ƴan shekarun nan ƙananan taraktoci masu ƙarfin doki 20 zuwa 50 sun fara yawaita a jihar Maradi, wasu a hannun ƙungiyoyin manoma, wasu a hannun ƴan kasuwa masu ba da haya, wasu kuma a hannun ma'aikatan da suka ajiye aiki suka koma gona. Wannan ci gaba ne da ya cancanci godiya ga Allah. Abin da ke damuna shi ne, mutum yakan yi wata da watanni yana shawara a kan taraktar da zai saya, ya tambayi wannan ya tambayi wancan, amma idan aka zo sayen haro mai faya-fayai, wanda shi ne ƙarfen da tarakta ke ja ya yanka ƙasa ya farfasa ta, sai ya yanke hukunci da ido a cikin yini guda, kuma galibi wanda ya fi faɗi da yawan faya-fayai shi yake ɗauka, domin a ganinsa shi ne zai gama gona da wuri.

Dalilin hakan ba ɓoyayye ba ne. Idon manominmu ya saba da manyan taraktoci irin Massey Ferguson 375 mai doki 75, wadda ta daɗe tana aiki a nan da kuma hayin iyaka a Katsina da Jibiya, kuma haron da ake gani a bayanta, mai faya-fayai 18 ko 20, shi ne ya zauna a zukatan mutane a matsayin haro na gaske. Irinsa ne kuma ya fi yawa a hannun masu sayar da tsofaffin kayan noma, sau da yawa a farashi mai jan hankali. Don haka wanda ya sayi tarakta mai doki 30 sai ya ga kamar ya yi arha idan ya samu wannan babban haro da kuɗi kaɗan, bai san ya ɗora wa jaki kayan raƙumi ba.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya fahimta shi ne cewa lambar dokin da aka rubuta a jikin tarakta ƙarfin inji ne, ba ƙarfin jan da ke isa ƙasa ba. Haro mai faya-fayai ba ya karɓar juyi daga inji kamar yadda injin casa ko famfon ban ruwa ke karɓa ta sandar nan mai juyawa ta bayan tarakta. Jan sa kawai ake yi, kuma ja yana bi ne ta giya zuwa tayoyi, daga tayoyi zuwa ƙasa, a kowace gaɓa ana yin asara. A lissafin masana injunan noma, inji mai doki 40 yakan ba da wajen doki 34 a sandar baya, kuma a kan ƙasa mai taushi irin rairayi, tarakta mai ja da tayoyin baya kaɗai ba ta iya mayar da fiye da kashi 55 cikin ɗari na wannan zuwa ƙarfin ja, wato wajen doki 19, yayin da wadda tayoyinta huɗu duka ke ja takan kai kashi 65 cikin ɗari, wato wajen doki 22. Ashe ke nan a jigawarmu rabin abin da aka rubuta a jikin tarakta shi ne abin da manomi yake da shi a zahiri. Wannan ne ya sa taraktoci biyu masu doki iri ɗaya ba lalle su ja haro iri ɗaya ba: wadda ta fi nauyi, ko take ja da tayoyi huɗu, ita ce za ta riƙe ƙasa. Masu sayen taraktocin ƙasar Sin suna iya gane haka daga lambar da ke jikinsu, domin a yawancinsu 254 tana nufin doki 25 da ja da tayoyi huɗu, 250 kuma doki 25 da ja da tayoyin baya kaɗai, haka nan 404 da 400. Idan kuma takardar tarakta ta ba da ƙarfi da kilowat, kowane kilowat guda ya ɗan haura doki ɗaya da sulusi.

Game da faɗi, akwai iyaka ta ƙasa da iyaka ta sama, kuma a tsakaninsu ne zaɓi yake. Iyakar ƙasa ita ce haro ya rufe sawun tayoyin baya, wato a auna daga gefen waje na tayar dama zuwa gefen waje na ta hagu, a nemi haron da ya kai haka ko ya ɗara da ɗan kaɗan, domin idan ya gaza za a bar layuka biyu na dannanniyar ƙasa a duk faɗin gona. Iyakar sama kuwa ƙarfin ja ne ke yanke ta. Ga haro marar nauyi mai sahun faya-fayai huɗu, wanda aka jera kamar harafin X da faya-fayai masu inci 16 ko 18, abin da masu ƙerawa suka saba ba da shawara shi ne faɗin mita 1.2 ga tarakta mai doki 20 zuwa 25, mita 1.5 ga mai doki 25 zuwa 35, mita 1.8 ga mai doki 35 zuwa 50. Amma ga haro mai nauyi mai sahu biyu, wanda ya buɗe kamar harafin V da faya-fayai masu inci 22 ko 24, irin wanda ke zuwa daga Indiya da Pakistan kuma shi ne ya fi yawa a wajenmu, lissafin ya fi tsanani: mai faya-fayai 12 yana son doki wajen 35, mai 14 yana son wajen 45, mai 16 kuma ya riga ya shiga rukunin taraktoci masu doki 50 zuwa 60. Waɗannan alƙaluma jagora ne ba shari'a ba, kuma a ganina duk wanda taraktarsa ta faɗo a tsakanin girma biyu, ya ɗauki ƙaramin.

Na san amsar da za a ba ni, domin ita ce amsar da kowane mai ba da haya ke bayarwa: lokacin kaftu gajere ne, ruwa idan ya sauka kowa yana son a shiga gonarsa a mako guda, kuma ana biyan aiki ne da hekta, saboda haka faɗi shi ne riba. To, a zauna a yi lissafi. Haro mai faya-fayai yana yin aikinsa daidai ne a gudun kilomita 6 zuwa 8 a awa, domin a wannan gudu ne faifai ke yanka ƙasa ya juya ta ya watsa ta. Haro mai mita 1.5 a gudun kilomita 7 yana rufe hekta ɗaya da ɗan ɗoriya a awa a kan takarda, idan aka cire kashi ɗaya cikin biyar na lokacin juyawa da gyare-gyare sai a samu wajen hekta 0.84. Haro mai mita 2.1 da aka ɗaura wa wannan taraktar, wanda ya tilasta wa direba komawa ƙaramar giya yana tafiyar kilomita 4, abin da zai rufe bayan an cire wannan kaso shi ne wajen hekta 0.67. Babban haron ya yi ƙasa da aikin ƙaramin, ya sha gazuwal fiye da shi a kowace hekta, kuma aikin nasa bai yi kyau ba, tun da a wannan tafiyar hawainiya faifai ba ya juya ƙasa, tura ta kawai yake yi. Abin da direba ya saba yi domin ya kuɓuta daga wannan shi ne ya ɗan ɗaga haron har ya zamana saman ƙasa kawai yake karta, ya samu gudu, ya karɓi kuɗin hekta cikakke, mai gona kuwa sai bayan mako biyu zai ga ciyawa ta dawo kamar ba a taɓa wurin ba.

Ban da wannan akwai asarar da ba ta bayyana sai bayan damana ɗaya ko biyu. Injin da ake tilasta wa ja fiye da ƙarfinsa a zafin watan Mayu da Yuni, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a Maradi, ga ƙura tana toshe lagireto da matatar iska, yana yin baƙin hayaƙi, yana tafasa, yana cin ringi. Kuloci yana ƙonewa saboda direba yana yawan taka shi rabi da rabi don kada inji ya mutu, tayoyin baya kuma, waɗanda kowa ya san tsadarsu, suna sulɓewa a rairayi suna cinye haƙoransu. Duk kuɗin da aka ce an rage wajen sayen tsohon babban haro yana komawa hannun bakanike ninki-ba-ninki, kuma galibi a daidai lokacin da ake tsananin bukatar taraktar a gona.

Nauyi kuwa fuska biyu gare shi, kuma dukansu suna bukatar kulawa. Fuska ta farko ita ce shigar faifai cikin ƙasa. Haro ba ya nutsewa saboda faɗinsa ko yawan faya-fayansa. Abin da ke nutsar da shi shi ne nauyin da ya hau kan kowane faifai guda, da kuma karkatar da aka yi wa sahu, wadda yawanci ake saitawa tsakanin digiri 15 zuwa 25. Saboda haka mai saye ya raba nauyin haro da yawan faya-fayansa. Haro mai kilo 250 da faya-fayai 16 yana ɗora wa kowanne wajen kilo 16, wanda ya isa ga rairayi da kuma farfasa ƙasar da garma ta riga ta juya, amma a busasshiyar laka birgima kawai zai yi a sama. Haro mai kilo 400 da faya-fayai 12 yana ɗora wa kowanne fiye da kilo 33, kuma shi ne zai yanka ƙasa mai tauri. Wannan yana nuna cewa ga mai ƙaramar tarakta da ke da ƙasa mai tauri, mafita ita ce ya rage faɗi ya ƙara nauyi a kan kowane faifai, maimakon ya nemi mai faya-fayai da yawa. Zurfin da za a sa rai kuma bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin faifai ba a aiki na yau da kullum, wato wajen santimita 11 ga faifai mai inci 18, da wajen santimita 14 ga mai inci 22. Wanda ke son fiye da haka garma yake bukata, ba haro ba.

Fuska ta biyu ita ce ko taraktar za ta iya ɗaga haron ta yi tafiya da shi lafiya, kuma a nan maganar ta wuce ta dukiya ta koma ta rai. Ƙaramar tarakta mai doki 25 ba ta cika wuce tan ɗaya da ƴan kai ba a nauyi. Ƙarfin ɗagawar da ake rubutawa a takardarta ana auna shi ne a bakin hannuwan baya da ake ɗaura haro a kansu, ko kuma a nisan santimita 61 daga bakinsu, alhali tsakiyar nauyin haro mai sahu biyu takan zarce wannan nisa sosai, kuma duk yadda kaya suka ƙara nisa daga tayoyin baya haka suke ƙara rinjayar gaban tarakta. Ƙa'idar da aka sani ita ce kada nauyin da ke kan tayoyin gaba ya gaza kashi 20 cikin ɗari na nauyin tarakta, in ba haka ba sitiyari ba zai ƙara jin magana ba. Duk wanda ke bin hanyoyin ƙauyukanmu ya taɓa ganin tarakta ɗauke da haro gabanta yana rawa a iska, ko kuma an ɗora yara biyu a kan hancinta wai su danne shi. Wannan ganganci ne da ya wajaba a hana, domin a hawan gaɓar gulbi ko a tsallaken kwazazzabo tarakta a irin wannan hali tana iya tashi tsaye ta kife da wanda ke kanta. Ƙarafan nauyi da ake ɗaurawa a gaba su ne maganin da aka tanada, kuma idan har bayan an ɗaura su gaban bai zauna ba, to haron ne ya fi ƙarfin taraktar. A nawa ra'ayin, bai kamata nauyin haro ya wuce kashi biyu cikin uku na ƙarfin ɗagawar da aka rubuta ba.

A duba kuma maɗaurin. Tsarin ɗauri uku na bayan tarakta, hannuwa biyu a ƙasa da sanda ɗaya a sama, an kasa shi rukuni-rukuni: rukuni na ɗaya, wanda yawancin ƙananan taraktoci ke da shi, ƙusoshinsa na ƙasa milimita 22 ne, na rukuni na biyu kuma milimita 28, kuma tazarar hannuwan ma ta bambanta. Idan aka ga sai an kai haro wurin mai walda ya yanke ƙusoshi ya sauya su kafin ya shiga, to wannan kansa shaida ce cewa ba don wannan taraktar aka ƙera shi ba.

Malam Edita, inda na fi son in tsaya shi ne batun ƙasa, domin takardun da ke zuwa da waɗannan kaya an rubuta su ne don ƙasashen da ƙasarsu da ruwansu ba irin namu ba ne, kuma manomin Maradi ya fi kowace takarda sanin cewa gonakinmu ba iri ɗaya ba ne. Muna da jigawa, muna da geza, wato ƙasa mai tauri da ɓawo a sama, muna da fadama, kuma haron da ya dace da ɗaya yana iya zama masifa ga ɗaya.

A fadamun Gulbin Maradi, daga wajen Madarunfa zuwa Tibiri da Gidan Rumji, da kuma filayen ban ruwa na Jiratawa, ƙasa tana da laka, tana yin tauri idan ta bushe, tana danƙo idan ta jiƙe. A nan ne ake bukatar haro siriri mai nauyi, mai manyan faya-fayai, sahun gaba masu haƙora domin su kama karan dawa da bunnin alkama su yanka maimakon su tura su gaba, sahun baya kuma masu baki sumul domin su daidaita wuri. Filayen ban ruwa ƙanana ne, kewaye da magudanai da kunyoyi, saboda haka haro gajere da ake ɗagawa a juya da shi a ɗan wuri ya fi amfani a kan dogo mai faɗi. Haɗarin fadama shi ne shiga da haro ƙasa tana da ruwa da yawa, domin bakin faifai yana shafe ƙasar da ke ƙarƙashinsa ya danne ta, kuma idan aka maimaita haka shekara da shekaru a zurfi ɗaya sai wani ɓawo mai tauri ya kafu a ƙarƙashi, ruwa ya kasa nutsewa, saiwa ta kasa ratsawa. Gwajin da iyayenmu suka sani ya wadatar: a dunƙule ƙasa a hannu, idan ta wargaje da ɗan matsi ta isa aiki, idan ta manne tana sheƙi a dakata. Geza ma kusan haka take, sai dai ita a farkon damana, bayan ruwa ya ɗan ratsa ta, ta fi ba da haɗin kai, kuma fasa ɓawonta na sama yana taimaka wa ruwa ya shiga maimakon ya gudu.

Jigawa ita ce mafi yawan gonakinmu, a Mayahi da Tasawa da Dakwaro da Agye, kuma ita ce na fi jin tsoro a kanta. Rairayi ba ya bukatar a tilasta masa; haro mai nauyi yana nutsewa a cikinsa har wuya, ya cika tarakta da ja, ya kuma niƙe ɗan abin da ke riƙe da ƙasar ya mayar da ita gari. Kowa ya san iskar da ke gabatar hadari a watan Yuni, yadda take tasowa daga gabas da jan ƙura kafin ɗigon farko ya sauka. Gonar da aka niƙe da haro sau biyu, aka binne ko aka kwashe duk karan da ke kanta, ita ce wannan iska ke ɗauka, kuma ƙasar da take ɗauka ita ce ta sama mai ɗan taki, yashin da take watsawa kuma yana yanka ƙananan tsiron hatsi ko ya binne su, har manomi ya koma sake shuka sau biyu ko uku a damanar da ruwanta gaba ɗaya bai cika wuce milimita 400 zuwa 600 ba. Saboda haka a jigawa haro marar nauyi, mai ƙananan faya-fayai, da ƴar karkata kaɗan, wucewa ɗaya tak bayan ruwa ya jiƙa ƙasa, shi ne iyaka, a kuma bar wani kaso na kara a sama. Mai noman aya ko gyaɗa, wanda ke bukatar shimfiɗa mai laushi, yana da hujjar yin haro. Mai hatsi da wake a tudu kuwa ya kamata ya tambayi kansa ko ma yana bukatarsa, domin sau da yawa shuka kai tsaye da noman hauya ko garmar shanu sun fi rufa wa gonar asiri.

Akwai kuma batun itatuwa, wanda ya shafi mutuncin wannan jiha. A nan Maradi ne aka fara aikin sassaben zamani a 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, tare da manoman ƙauyukanmu suka fara barin tohon kututturai suna gyara shi ya zama itace maimakon a sare shi a ƙone, kuma binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa wannan aiki ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, akasari a jihohin Maradi da Damagaram. Gawo da kalgo da sabara da ke tsaye a gonakinmu yau su ne ke karya iska, su ba da taki da abincin dabbobi da itacen girki. Haro mai faɗi ba ya iya ratsawa tsakaninsu, kuma direban da ake biya da hekta ba shi da haƙurin kewaya kowane ɗan toho. Ko dai ya bi ta kansa, ko ya ce wa mai gona sai an sare kafin ya shiga. Ƙaramar tarakta da siririn haro suna iya bi tsakanin itatuwa ba tare da ɓarna ba, kuma wannan a wurina yana daga cikin manyan dalilan da suka sa ƙananan taraktoci suka dace da mu, muddin ba a ɓata wannan fa'ida da haron da ya fi su faɗi ba.

Wanda ya riga ya mallaki haro, ko wanda mai sayarwa ya yarda ya gwada kafin ya biya, yana da hanya mai sauƙi ta sanin gaskiya, kuma ba ta bukatar komai sai alli da igiyar awo. A yi alama a jikin tayar baya, a tuƙa taraktar a cikin gona da haro a ɗage, a auna nisan da ta yi a juyi goma na taya. Sannan a sauke haron zuwa zurfin da ake so, a giyar da za a yi aiki da ita, a sake auna nisan juyi goma. Idan na farko mita 40 ne na biyu kuma mita 34, sulɓin taya kashi 15 cikin ɗari ne, wanda shi ne iyakar abin da ake yarda da shi ga tarakta mai ja da tayoyin baya, tun da ana son ya tsaya tsakanin 10 da 15. Idan na biyun mita 30 ne, to kashi ɗaya cikin huɗu na gazuwal da na taya yana tafiya a banza. A irin wannan hali ana iya rage karkatar sahu, a daidaita iskar tayoyi bisa umarnin takardar tarakta, a zuba ruwa a cikin tayoyin baya har kashi uku cikin huɗu domin su ƙara nauyi, ko a cire faifai ɗaya daga ƙarshen kowane sahu idan ƙirar haron ta ba da dama. Idan duk an yi wannan inji bai daina baƙin hayaƙi ba, to a sayar da haron a nemi ƙarami. A lura kuma da sandar sama, a saita ta yadda sahun gaba da na baya za su shiga ƙasa daidai wa daida, kuma kada a taɓa juyawa da haro yana cikin ƙasa, domin haka ne ke lanƙwasa faya-fayai ya fasa boris, wato ƙarfen da sandar faya-fayai ke juyawa a cikinsa.

Tun da na ambaci boris, ya kamata mai saye ya tuna cewa yashinmu yana cin ƙarfe, kuma haron da ba a samun faya-fayansa da boris ɗinsa a kasuwar Maradi ko ta Katsina zai zama kwantai a shekara ta biyu. A tambayi girman sandar da aka zura faya-fayai a kanta da siffar ramin faifai, mai kusurwa huɗu ne ko zagayayye, a tabbatar akwai irinsu a shaguna kafin a biya. A tsohon haro kuma a auna faifai da igiya, domin wanda aka ƙera da inci 22 ya cinye ya koma 19 ba zai ƙara ba da zurfinsa na da ba. Masu waldarmu suna da basira, kuma da za a ba su ma'auni daidai za su iya ƙera gangar jikin haro da ta dace da ƙananan taraktoci, a sayo faya-fayai da boris kawai daga waje.

Roƙona ga hukumomin da abin ya shafa shi ne su ɗauki wannan batu a matsayin aikinsu. Cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, da sashen koyar da aikin gona na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da majalisar manoma ta jiha, suna da masana da filayen da za a gwada haro daban-daban a bayan ƙananan taraktoci a jigawa da geza da fadama, a auna zurfi da sulɓin taya da gazuwal a kowace hekta, a fitar da sakamakon a takarda guda da harshen Hausa, a kuma karanta shi a gidajen rediyon jiha kafin watan Afrilu, lokacin da mutane ke sayayya. Ƙungiyoyi da ayyukan raya karkara da ke raba taraktoci su daina ba da tarakta daban suna barin manoma su nemi haro daban. A haɗa su tun daga wurin saye, tare da ƙarafan nauyi na gaba da horon direba. Su kuma dillalai, ya dace a wajabta musu rubuta nauyin kowane haro da faɗinsa da ƙarfin dokin da yake bukata a jikinsa, su kuma yarda mai saye ya gwada shi a gonarsa da taraktarsa kafin a kammala ciniki.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ba mu damana mai albarka.

Wassalam,
Wani manomi kuma mamba a ƙungiyar manoma,
Maradi.